Hoton da Ya Kumbura Abokina a Bin Omran

Shekarun baya, lokacin ina zaune a Doha, saura ƙiris in raba wani bawan Allah da aikinsa saboda hoto guda ɗaya. Kuma ba hoton abin kunya ba ne. Hoton suna ne, an ci an sha, kowa baki har kunne. Ɗazu da safe ina kakkaɓe tsohuwar jakar kyamarata na ci karo da ɗan zoben ƙarfen da ya haddasa abin, na zauna ina ta dariya ni kaɗai, har matata ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Shi ne na ce bari ku ma in ba ku ku sha.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai ɗaukar hoto ne a Kano. Irin na da, mai shago da labulen da aka zana jirgin sama a jiki, mutum ya tsaya gabansa da rediyo a hannu kamar yanzu ya sauko daga Makka. Da ya rasu, abin da na riƙe na tunawa da shi gilashin kyamararsa ne guda ɗaya, wannan da yaran yanzu ke ce wa lens. Ƙarfe ne da gilashi zalla, nauyi kamar dutsen guga, ba waya ba batir. Da hannu ake murɗa shi har hoto ya fito tas. Aikina na jigilar kaya ya yi yawo da ni, Kwatano, Khartum, Jidda, Alƙahira, ko'ina kuwa gilashin nan na tare da ni, naɗe cikin safa. Matata takan ce, "Shekara nawa muna tare, ni ko sau ɗaya ba ka taɓa lallaɓa ni kamar yadda kake lallaɓa ƙarfen nan ba." In ce mata ai shi ba ya mayar da magana.

Da na zo Doha fim ya yi wuyar samu, sai na sayi kyamarar zamani. Gilashin Baba kuwa ya ce bai san zancen ba, ya ƙi shiga bakinta. Aka kwatanta min wani dattijo Ba'indiye mai gyaran kyamara a wani lungu. Ya juya gilashin, ya yaba shi, sannan ya jawo durowa ya ɗauko wani siririn zobe, adafta suke ce masa, wanda ke haɗa tsohon gilashi da sabuwar kyamara. A jikin zoben akwai wasu 'yan ɗigo-ɗigo masu ruwan zinariya. Ya ɗaura, ya zauna daram. Sai ya fara yi min bayani, rabi Larabci rabi Turanci, wai in zan yi aiki da shi akwai abin da zan shiga saiti in kashe.

Ni kuwa kun san ni. Na ɗaga masa hannu na ce, "Khalas, khalas, ya isa haka, ya hajji, mafi mushkila, ba matsala. Ni a shagon hoto aka yanke min cibiya."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya kaɗa kai irin nasu, wanda ba ka gane e ne ko a'a. Na ɗauki kayana na fita ina taƙama.

Wata da watanni ina ɗaukar hoto ban ga wata matsala ba. Dalili kuwa, Baba ya koya min abin da kake so ka sa shi a tsakiya. Kwale-kwale a bakin teku, tsakiya. Magen unguwarmu a Ain Khaled, tsakiya. Matata in ta yarda, tsakiya. Gefe kuwa sama ce ko ruwa ko yashi, wa zai tsaya duba gefen yashi?

To, ina da wani aboki, ɗan Zongon Kumasi, yana aiki a kasuwar kayan gwari ta Abu Hamour. A wurin sayen tumatir muka haɗu. Na ji yana yi wa wani ɗan dako faɗa da Hausa, na ce, "Kai, wannan Hausar wa ya taka ta da mota?" Ya juyo ya ce, "Massa, taku ce ta tsaya wuri ɗaya, tamu ta yi tafiya ta ga duniya." Massa ɗin nan, wato oga, haka suke kiran mutum a can. Tun ranar muka ƙulla. Mutumin kirki ne na ƙarshe, amma siriri ne kamar sillen kara. In ya sa jallabiya iska ta kaɗa, sai ka rantse shanya aka yi.

Shekara tara da aurensa ba haihuwa. Yawancinsu ma shi yana Doha, matar tana can wurin mahaifiyarsa. Ya sha rana, ya sha ɗaukar kwali, har Allah ya haɗa shi da kafil, wato ubangidan aiki, mai mutunci, aka ɗaga shi ya zama mai kula da rumfuna, ya samu ikon kawo matarsa. Shekara na zagayowa sai ga ɗa namiji. Ranar da ya kira ni daga asibiti ban gane ko kalma ɗaya ba, kuka da dariya duk sun cakuɗe.

Sai dai akwai magana a ƙasa. Mahaifiyarsa, wadda yake kira Mma, tsohuwa ce mai riƙo da al'ada, kakanninta fataken goro ne. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Wancan" take ce masa. Ko a waya, tana riƙe da wayar a kunnenta amma sai ta yi kamar da ƙanwarsa take magana: "A tambayi wancan ko yana cin abinci." Shekarun baya ya taɓa aika mata ɗan hotonsa irin na katin aiki, aka ce kwana biyu tana kuka. To da aka yi haihuwar nan sai ta aiko da saƙo. Ta ce a ɗauki hoton suna a kawo mata. In ta gan shi a rame kamar na wancan karon, ya tattara iyalinsa ya dawo gida, ita ba Larabawa ta haifa wa ɗa ba.

Ku da kuka san irin abokina kun san ba wasa a nan. In Mma ta ce ya dawo, ko kujerar minista aka ba shi zai ajiye. Lokacin kuma wayarta 'yar ƙaramar nan ce mai tocila, babu zancen kiran da ake ganin fuska. Hoton takarda shi ne shaida.

Kwana shidan nan kafin suna, ban taɓa ganin ɗan Adam ya ci abinci kamar abokina ba. Shinkafar Larabawa da kaza da rana, wake da shinkafa irin nasu na Ghana da yamma, ya kora da nono, ya bi da dabino. Rana ta shida ya ɗaga riga ya nuna min haƙarƙari ya ce, "Massa, abincin nan ban san inda yake tafiya ba kuraa, ko kaɗan."

Na ce, "Kwantar da hankalinka. Gilashin Baba zai ɗauke ka. Bai taɓa kunyata kowa ba."

Sunan ya faɗo ranar Juma'a, aka yi taron bayan an sauko daga masallaci, a tsakar gidan da suke haya a Bin Omran. Gida ɗaya ne aka yanka shi ɗaki-ɗaki, maƙwabtansa 'yan Sudan da 'yan Kerala duk suka fito da kujerunsu. Mutanen Zongo suka cika wuri da fararen kaya. Ɗalibanmu 'yan Najeriya, waɗanda ke jin ƙanshin rago tun daga ɗakin karatu, su ma ba a bar su a baya ba. Aka yi addu'a, aka raba goro da dabino, aka buɗe tukwane. Yajin 'yan Ghanan nan baƙi ya sa wani ɗalibi hawaye, yana sharewa yana cewa a ƙara.

Da aka zo hoto, na tsara mutane kamar yadda na ga Baba na yi. Dattijon da ya raɗa suna a kujera a tsakiya, jariri a cinyarsa, mai jego da mata a gefen dama, maza a hagu. Na ce wa abokina, "Yalla, angon ƙarni, zo nan bayan malam."

Ya ja da baya kamar na ce ya taɓa wuta. "Massa, ɗan fari ne fa. Kuma hoton nan hannun Mma za shi. In tsaya kan yaro ina washe baki? Ina!"

Aka yi aka yi, ya ƙi. Ya lallaɓa can ƙarshen layi ta hagu, jikin bango, ya tsaya kamar wanda ya zo wucewa aka ce ya shigo. Dattawan Zongo suka ce a ƙyale shi, ya yi daidai, haka aka gada. Gilashin Baba kuma ba ya kwaso wuri da faɗi, don haka na yi ta ja da baya, ina ja ina ja, har na fita ƙofar gida na tsaya a titi, wani mai mota yana danna min hon. Na ɗauka. Rana ta haske allon kyamarar, ga shi na bar tabarauna a mota. Na kare da hannu, na jawo fuskar jaririn kusa, na ga har gashin idonsa ana ƙirgawa. Na ce, "Jama'a, an gama. Wannan hoton sai dai a gada."

Akwai wani ɗan Zongo da zai tashi zuwa gida washegari. Na ajiye memorin kyamarar a shagon wankin hoto, na ce su wanke babba, shi kuma matafiyin ya biya ya karɓi ambulan a kan hanyarsa ta filin jirgi. Ni ko ganin hoton ban yi ba, na wuce sabgogina.

Ranar Litinin sai ga kiran abokina. "Massa! Me ka yi min? Mma ta rangaɗa guɗa! An ce duk layinmu sun zo kallo. Ta ce wancan ya yi ƙiba, ya yi fari, ya zama babban mutum!"

Maimakon in tsaya in yi tunani, mutumin da na san ko inuwarsa ba ta cika tabarma ba ya aka yi ya yi ƙiba, sai na gyara zama na ce, "Ai na faɗa maka. Gilashin nan akwai albarka a cikinsa."

Da na koma gida da la'asar na karɓo memori na sa a kwamfuta, don in nuna wa matata aikin gwanaye. Hoton na buɗewa ta zaro ido. Sai ta dafe bango. Sai ta zauna a ƙasa, dariya har da riƙe ciki.

Tsakiyar hoton ba laifi, malam da jariri tsaf. Amma kana tafiya gefe mutane na ƙara faɗi, kamar ƙullun da ake murzawa. Kafin ka kai kan abokina abin ya gama lalacewa. Kafaɗa kamar ɗan dambe, kai kamar kabewa, kuma ɓangarensa na hagu ya fi na dama faɗi. Ga shi ya yi wani fayau kamar an watsa masa gari. Bangon da ya jingina da shi ya lanƙwashe kamar baka. A ɗaya gefen kuma wata baiwar Allah 'yar Sudan ta samu kunne kamar faifai.

Matata ta share hawaye ta ce, "Ka kira shi ka faɗa masa gaskiya."

Na ce, "Wace gaskiya? Tsohuwa ta yi guɗa, abokina ya tsira da aikinsa. Allah ne ya rufa asiri, ni wane ne da zan tone?"

Asirin bai kai Alhamis ba. Ashe a layinsu Mma akwai wata tsohuwar nas da ta yi ritaya. Ta zo barka, aka miƙa mata hoto ana fahariya. Ta sa tabarau, ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Hajiya, ƙiba ba ta zaɓar gefe. Wannan kumburi ne. Kuma wannan farin ba na hutu ba ne, jini ne babu. Yaron nan yana ɓoye miki ciwo."

Ranar Alhamis da yamma abokina ya zo gidana da kansa, abin da bai saba ba sai an gayyace shi. Ya ƙi shayi. Ya ce Mma ta ajiye cokali tun jiya, ta ce ba za ta sa komai a bakinta ba sai an faɗa mata ranar da zai sauka. Ya rantse mata lafiyarsa ƙalau, ta ce a faɗa wa wancan ita da idonta ta gani. Ya zaro takarda daga aljihu ya nuna min. Takardar ajiye aiki ce, ranar Lahadi in an buɗe ofis zai kai wa mudir, shugabansu.

Nan fa dariya ta ƙare. Na dubi takardar nan, na tuna shekarun da ya yi yana sauke kwalin albasa cikin zafin da ke narka takalmi. Duk zai tafi saboda ni na ce a shagon hoto aka yanke min cibiya.

Allah ya sa lokacin ƙanwar matata na zaune da mu, tana karatun digiri na uku, bincikenta kuma a kan na'urorin ɗaukar hoton asibiti ne. Tsakanina da ita kullum tsokana ce, na ce mata 'yar boko, ta ce min tsohon yayi. Ranar dai na sauke girman kai na ce, "Ƙanwata, zo ki duba min wannan abin."

Ta ce, "Yau ni ce ƙanwarka? Lallai ruwa ya ƙare wa ɗan kada." Ta jawo kwamfutar, ta danna wani wuri, sai ga rubutu ya fito a gefen hoton. Ashe kowane hoto yana ɗauke da bayanin yadda aka ɗauke shi. Ta karanta, ta ce, "Yaya, da wane gilashi ka ɗauka?"

"Na Baba mana, mai lamba hamsin."

"To kyamararka ta ce ƙarya kake. Ta ce da mai faɗin nan ka ɗauka, wanda ke kwaso ɗaki guda a lokaci ɗaya."

Na ce ban taɓa mallakar irinsa ba. Ta ce in kawo kyamarar. Ta cire gilashin, ta cire zoben, ta nuna min ɗigo-ɗigon nan masu ruwan zinariya. Ta ce, "Ka ga waɗannan? Baki ne. Gilashin zamani duk yana da su. Kana ɗaura shi yake yi wa kyamara sallama, ta ce wane ne, ya faɗi sunansa. Ita kuma tana da littafi a cikinta, ta san halin kowane gilashi na gidansu, kamar tsohuwar unguwa da ta san halin kowane gida. Ta san wane yana duhunta kusurwa, wane yana lanƙwasa layi, wane yana barin jan zare ko shuɗi a bakin abu. Yana faɗin sunansa sai ta ɗauko maganinsa ta gyara hoton tun kafin ka gani."

Abokina ya matso da kujera. Ta ci gaba. "Shi wancan mai faɗin, halinsa ya turo tsakiyar hoto gaba kamar cikin tulu, ya matse gefe, ya sa duhu a kusurwa. Maganinsa shi ne a ja gefen a buɗe shi, a ƙara masa haske. Shi kuwa gilashin Baba bebe ne, ba ya magana. Zoben nan ne ke magana a madadinsa, kuma sunan aro yake bayarwa. Masu ƙera shi sun sa masa sunan wani gilashin da kyamara ta sani ne kawai don ta karɓe shi, ta riƙa yi maka ƙara in hoto ya fito. Ita kuwa baiwar Allah ta yarda. Ta ɗauki maganin mara lafiya ta ɗura wa mai lafiya. Gefen da ba a matse ba ta ja shi, kusurwar da ba duhu ta haske ta. Wa ke tsaye a gefen?"

Abokina ya ɗaga hannu a hankali kamar ɗan makaranta.

Ta juyo kaina. "Wanda ya sayar maka bai ce ka kashe gyaran a saiti ba?"

Na ce, "Ya dai yi wata magana."

Matata daga kicin ta ce, "Ya ce masa khalas!"

Ta shiga saiti ta nuna min wurin, layi biyu ne kacal. Muka gwada a kan tagar falo mai ƙarafuna. Da gyara a kunne, ƙarafunan gefe suka lanƙwashe kamar an zauna musu. Ta kashe, muka sake ɗauka, suka miƙe sambal. Gilashin Baba ba shi da laifin komai. Na ji kamar in ba shi haƙuri.

Na ce to shi ke nan, gobe a sake ɗauka. Abokina ya girgiza kai. "Massa, ba ka gane ba. In ta gan ni a kumbure, in koma. In ta gan ni a rame, in koma. Wanne za ka ɗauka?"

Wadda ta amsa wannan tambayar ita ce mai jego, washegari Juma'a da muka je Bin Omran da hantsi. Mace ce mai kawaici, ban taɓa jin ta yi dogon zance ba. Tana jijjiga jariri ta ce da mijinta, "Maigida, shekara bakwai na yi ɗaki ɗaya da Mma. Kai ba ka san abin da take yi da hotonka ba. In kana gabanta ba ta iya ɗaga ido ta dube ka, ko ranar da za ka taho ƙasa take kallo. Amma in ta ga ba kowa sai ta ɗauko hoton ta yi ta kallo, har ta manta da tukunya a wuta. Nan ne kaɗai take ganinka. Wancan na katin aikin ba ramar ce ta sa ta kuka ba. Cewa ta yi idonka kamar na wanda ba shi da kowa."

Ta miƙa masa yaron. "Karɓi ɗanka ka tsaya a tsakiya."

"A gaban Mma?"

"Mma tana Kumasi. Karɓi."

Ya karɓa kamar an ba shi kiret ɗin ƙwai, hannu a sandare, fuska a ɗaure, yana kallon bango. Na tsayar da shi a inuwar tsakar gida, na duba saiti sau uku, na sa tabarau wannan karon. Na ce ya saki fuska, ya ƙara ɗaurewa. Na ba shi labarin ban dariya, ko gezau. Ina cikin tunanin yadda zan yi, sai jaririn nan, Allah ya yi masa albarka, ya yanke shawara da kansa. Ya saki fitsari tun daga ƙirjin farar jallabiyar uban har ƙasa. Abokina ya duba, ya ce, "Kai! Ni za ka yi wa haka a gaban baƙi?" Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ban taɓa ganin ya yi ba, ya rungume yaron a ƙirji. Na danna.

Saura nas. Ƙanwar matata ta ce ita ma sai an ba ta shaida, kuma ta san wanda za a yi gwajin da shi. Ku da kuka san ni kun san Allah bai rage ni da tumbi ba. Ta tsayar da ni a jikin bangon nan, daidai inda abokina ya tsaya ranar suna, ta ɗauke ni sau biyu, ɗaya da gyara a kashe, ɗaya a kunne. A na biyun na fito kamar tankin ruwa an sa masa hula. Maƙwabta 'yan Kerala har layi suka yi suna kallo.

Muka tura hotunan uku ta imel wurin ƙanwarsa, da bayani dalla-dalla, ta shiga gari ranar Asabar da safe ta wanko. Bayan azahar muna zaune a falona, takardar ajiye aikin na kan tebur, wayarsa ta yi ƙara. Ya buɗe murya kowa ya ji. Muka ji ƙanwar ta ce, "Ga Mma." Can sai muryar tsohuwa.

"A faɗa wa wancan ba shi da kunya. Ya rungume ɗa a gaban mutane yana washe haƙora."

Abokina ya sunkuyar da kai.

"A kuma faɗa masa ya zauna inda yake. Haka ubansa yake, kamar sanda, har ya koma ga Allah, kuma buhu biyu yake ɗauka. Na ga idonsa. Lafiyarsa lau." Ta ɗan tsaya. "A ɗumamo min tuwon nan."

Matata ta saki guɗa a falo. Abokina ya rufe fuska da hular kansa. Muna cikin haka muka ji tsohuwar ba ta gama ba.

"Wannan mai tumbin, shi ne mai hoton? To nas ta ce ta yarda na'ura ce ta kumbura wancan. Amma shi wannan ya je asibiti a duba shi, don ko a hoton gaskiyar ma abin ya yi yawa."

Har yau ƙanwar matata ba ta bar ni na huta da wannan maganar ba. Takardar kuwa a wurin abokina ya yayyaga ta, muka aika aka sayo gasasshiyar kaza, ya cinye rabi shi kaɗai, kuma ko gram ɗaya bai ƙaru ba.

Sati na zagayowa na koma wurin dattijon nan Ba'indiye, na ce ya maimaita min bayanin da ya fara, yau na zo da kunnena. Ya dube ni ta saman tabarau, ya kaɗa kai irin na rannan. Wannan karon na gane abin da yake nufi.

Tun daga nan, in zan ɗauki hoto sai na duba wane suna kyamara ta ba gilashin da ke gabanta, sannan in duba gefe kafin in duba tsakiya, don na lura masu kunya da masu kawaici can suke tsayawa. Kuma in na ji bakina zai ce wa mai yi min bayani khalas, sai in tuna kabewar nan in yi shiru. Ba kullum nake cin nasara ba, matata na nan, ku tambaye ta.

Bayan wasu shekaru aiki ya kai ni Ghana, na ce ba zan wuce ban gaida Mma ba. Ta karɓe ni kamar ɗa, ta dubi tumbina ta tambaya ko na je asibitin. Ina zaune a falonta na ɗaga kai, sai ga abokina a bango cikin firam mai ruwan zinariya, kafaɗa kamar ɗan dambe, kai kamar kabewa. Na ce, "Mma, ai wannan shi ne na ƙaryar. Ina na gaskiyar?"

Ta ce, "Wannan na baƙi ne, su san akwai abinci a Ƙatar."

Sai ta leƙa ƙofa ta tabbatar ba kowa, ta jawo jakar da take ajiye carbinta, ta zaro ɗayan. Gefunansa duk sun yi laushi saboda riƙo. Ta nuna min daga nesa, ba ta ba ni na taɓa ba, ta mayar ta zuge jakar.

"Wannan kuma nawa ne."